Southwest na sayar da amanar da ya shekara hamsin yana tarawa

A watan Nuwamban 2021 jiragen kamfanin Southwest suka fara sauka a Syracuse ta jihar New York, da kuma Bellingham, wani ƙaramin gari a jihar Washington kusa da iyakar Kanada. Shekara uku ba ta cika ba, a Agustan 2024, kamfanin ya tattara nasa ya nasa ya fice daga garuruwan biyu. Hujjarsa ita ce asara, da jan ƙafar da Boeing ke yi wajen kawo masa sababbin jirage.

Na yarda, kasuwanci ba sadaka ba ne. Jirgin da ke tashi rabin kujerunsa wayam dole a sauya masa hanya. Sai dai mutanen ƙaramin gari ba tikiti kawai suka saya ba, tsarin rayuwarsu suka ɗora a kan jirgin. Ka ɗauki dattijuwar Bellingham da ta saba zuwa ganin jikokinta daga filin da ke bayan gidanta. Yanzu zaɓinta ya ragu: ko ta karɓi farashin da sauran kamfanoni suka yanka, ko ta kama hanyar Seattle, tafiyar fiye da kilomita 140 a mota, kafin ma ta ga jirgi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wannan ficewar ba ita kaɗai ba ce. A Disamban 2022 tsarin aikin kamfanin ya rikice, ya soke tashi sama da 16,000 ana tsakiyar hutun Kirsimeti, har gwamnatin Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 140. Jama'a suka haƙura, domin tun da ya fara tashi a Texas a 1971 an san shi da sauƙin mu'amala, musamman ɗaukar jaka biyu kyauta. Sai ga masu zuba jari na Elliott sun sayi kaso a 2024, suka matsa lamba a ƙara riba. Ranar 28 ga Mayun 2025 aka soke jakar kyauta ga yawancin fasinjoji.

To me ya rage da zai bambanta shi da sauran kamfanonin jirage irin su Delta ko United? Fasinjan da ya yafe masa kwana a filin jirgi, a 2025 shi ne aka tsayar gaban ma'aunin kaya yana biyan dala 35 kan jakar farko, 45 kan ta biyu. Mutumin Syracuse kuwa ko layin biyan ma babu shi a garinsu.