Cin kaca ya fi daɗi a Fagge

Ran 14 ga Yuni 2024 ina cikin dubban Jamusawa a gaban wani ƙaton allo a Hambug, Jamus ta lallasa Sukotilan da ci 5 da 1 a wasan buɗe gasar Turai. An yi ihu, an ɗaga tuta. Alƙali na hura tashi kowa ya duba agogo, ya nufi tashar jirgi. Na koma ɗaki kamar wanda ya ci tuwo ba miya.

Abin da ya ɓata ni shi ne na ga irinta a gida. Ran 8 ga Yuli 2014, cikin azumi, muka idar da asham, don kallon wasan Jamus da Barazil na kusa da na ƙarshe a kofin duniya, muka cika wani gidan kallo a Fagge, mai rufin kwano, janareto na ta ruri a bayan katanga. Wani tela maƙwabcinmu ya zo da ɗorawar rigar Barazil yana cika baki, wai ko ba Neymar da Thiago Silva sun ishi Jamus, tunda a gidansu ake yi. Minti 11 Müller ya buɗe wa Jamus. Daga minti 23 zuwa 29 aka zuba huɗu, ciki har da ta Klose, ta 16 a kofin duniya, wadda ya wuce Ronaldon Barazil da ita. Wani ya fita sayen ruwa, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa da leda a hannu: "Don Allah maimaici suke nunawa?" Kafin hutun rabin lokaci tela ya tuɓe rigar ya zauna a kai, daga shi sai singileti. Wani yaro ya leƙo ta kafaɗarsa: "Yaya, zafi ne?" Da Oscar ya farke wa Barazil guda a minti 90, ci ya zama 7 da 1, mu magoya bayan Jamus muka miƙe muna tafa masa.

A ganina nan bambancin yake. A Hambug duk taron ɓangare guda ne, ba wanda za ka waiga ka yi wa dariya. A Kano kuwa ba mu haɗa jini da Jamus ko Barazil ba, amma wanda aka ci benci ɗaya kuke, kuma gobe wajen mai shayi za ku haɗu. Gaskiya a Hambug ba a ɗauke wuta, hoto tangaran, amma da na ɗauko wa abokin aikina zancen 7 da 1, cewa ya yi shi tausayin Barazil ya ji. Tausayi!

Har yau Bakwai muke kiran telan. Da sallar bana na buga masa waya, na ce, "Yaya Bakwai, an yi sallah lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau. Ka gaida mini Koriya ta Kudu." Ci 2 da nema na 2018 yake nufi, wanda ya koro mu tun a rukuni. Na ce layin ba ya ji sosai.