Kafin ku fice daga NANS, wa za ku kira ranar da aka garƙame ofishinku?

Daren jiya ƙanina ya iske ni a teburin mai shayi a Agege, nan gefen layin dogo, ya miƙo min wayarsa ya ce, "Yaya, karanta wannan ka gaya min gaskiya." Ƙudiri ne da wasu 'yan majalisar ɗalibai ta makarantarsu suka rubuta, za su gabatar a zaman mako mai zuwa: ƙungiyarsu ta raba gari da NANS, uwar ƙungiyar ɗaliban Najeriya ta ƙasa baki ɗaya, ta daina biyan kuɗin da take biya, ta daina tura wakilai babban taro. Shi ma ɗan majalisar ne, kuma daga yadda yake kallona na gane zuciyarsa ta riga ta karkata. Har shayina ya huce ina karantawa. Na ce masa a nan zan ba shi amsa, don na san abokansa suna leƙa shafina.

Duk abin da suka lissafa gaskiya ne, ba zan yi musu ba. Sau nawa muka wayi gari mutum biyu ko uku kowa na cewa shi ne shugaban NANS, kowa da takardarsa mai tambari? Lambar yabo kuwa ta zama kamar goron ɗaurin aure, gwamna ya samu, sanata ya samu, har wanda bai taɓa gyara ko famfo ɗaya a makaranta ba. Ga kwamared-kwamared da furfura ta fara keto musu gemu, amma a takarda har yau ɗalibai ne. Yaron da uwarsa ke sayar da tuwo a Mile 12 don ta biya masa kuɗin makaranta yana da haƙƙin ya tambayi me wannan ƙungiya ta tsinana masa.

Duk da haka ina cewa kada ku fita.

Ni ma na yi majalisar ɗalibai a wata makaranta a nan Legas, ba sai na kama suna ba. Shekararmu ta uku aka yi mako biyu babu ruwa a ɗakunan kwana, muna sayen jarka wajen 'yan garuwa, wasunsu ma 'yan garinmu ne, suna mana ragi don kunya. Muka fita zanga-zanga. Washegari da asuba takarda ɗaya tal aka liƙa a allon sanarwa: an rushe ƙungiya, an rufe makaranta, kowa ya kwashe kayansa kafin azahar. Da na je ofishinmu na tarar da sabon kwaɗo a ƙofa, hular shugabanmu tana kan tebur ina hango ta ta taga. Kuɗin ƙungiya dama tare da kuɗin makaranta ake karɓa, yana hannun hukuma. A ranar na gane cewa ƙungiyar makaranta 'yar haya ce, mai gida kuma shi ne wanda take faɗa da shi. Waɗanda suka zo mana ɗalibai ne daga wasu makarantun jihar, ta hanyar kwamitin haɗin gwiwa da ke ƙarƙashin uwar ƙungiya. Su suka samo lauya, su suka kira 'yan jarida, domin su hukumarmu ba ta da ikon korarsu. Da ba mu cikinsu, da lambar wa za mu nema? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku da ke karatu a Legas ya kamata ku fi kowa sanin wannan tarihi. A 1956 aka kafa NUNS, uwar ƙungiyar farko. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, Kanar Ahmadu Ali yana kwamishinan ilimi na tarayya. Shugaban NUNS a lokacin, Segun Okeowo, ɗalibin Jami'ar Legas ne. A watan Afrilu aka harbe Akintunde Ojo, ɗalibin wannan jami'a ta Akoka, sannan wutar ta kama Zariya, inda sojoji suka kashe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello. Wannan ne rikicin da ake kira "Ali Must Go". Ni Bahaushen da aka haifa a Agege, duk lokacin da na tuna cewa jinin Akoka da na Samaru a kan magana ɗaya suka zuba, sai jikina ya yi sanyi. Babu intanet, babu wayar hannu, amma akwai ƙungiya ɗaya da ta haɗa su. Gwamnati ta haramta NUNS, a 1980 NANS ta maye gurbinta. Soja ba ya ɓata tawadarsa wajen haramta abin da bai tsorata shi ba.

Za ku ce wannan zamanin iyayenmu ne. To, 2022 fa? Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ya fara 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ranar 19 ga Satumba ɗalibai ƙarƙashin NANS suka tare hanyar filin jirgin Murtala Muhammed, matafiya suka sauko daga mota suna jan akwatuna a ƙafa. Ban ce su suka kawo ƙarshen yajin ba, umarnin kotu da shiga tsakanin majalisar wakilai sun fi yin tasiri. Amma a ranar manyan da 'ya'yansu ke karatu a Ingila sun ɗanɗana, kuma babu ƙungiyar makaranta ɗaya da za ta iya tara wannan jama'a ita kaɗai.

Abin da masu ƙudirin suka manta shi ne inda ruɓar take fitowa. Shugabannin ƙungiyoyin makarantu su ne sanatocin NANS, su ke kaɗa ƙuri'a. Wato wanda ku kuka zaɓa, shi ne yake zuwa can ya zaɓo wanda kuke zagi. Kun taɓa tsayar da shugabanku a gaban majalisa bayan ya dawo, kun tambaye shi wa ya zaɓa, wa ya biya masa mota da masauki? Mu dai ba mu taɓa ba, kuma ina jin kunyar hakan. Sannan ko kun fita, gobe jarida za ta buga cewa ɗaliban Najeriya sun goyi bayan wane, ba za ta ware makarantarku ba. Sunanku yana ciki, ƙuri'arku ce kawai babu.

Wani abokin ƙanin nawa, ɗan Idi-Araba, ya taɓa ce min mu 'yan Arewa ba ruwanmu, muna da ƙungiyoyin ɗaliban jihohinmu. Allah ya saka musu, sun iya bin tallafin karatu da shirya buɗa-baki da azumi. Amma ranar da aka ninka kuɗin makaranta, ba a tambayar asalin jiha a banki.

Da ni ne a wannan majalisa, ga gyaran da zan kawo wa ƙudirin. Ƙungiya ta biya wa wakilanta mota da masauki daga aljihunta, kada su karɓi ko ruwan leda daga ɗan takara. Majalisa ta tattauna wanda za a zaɓa kafin a tafi, shugaba ya dawo ya yi bayani a tsaye. Kuɗin uwar ƙungiya a riƙe shi sai an ga lissafi a rubuce. Duk wata lambar yabo da aka saka sunan makarantarku ba da saninku ba, ku fito ku barranta da ita a ranar. Ku nemi makarantu uku ko huɗu a shiyyar nan su yi irin haka, Yaba da Ojo da Ikorodu ba su da nisa.

Da na faɗa wa ƙanina kaɗan daga cikin wannan a teburin, bai ce ya yarda ba. Ya juya cokali a kofi ya ce, "Yaya, kuɗin motar nan fa sai shugaban sashen ɗalibai ya sa hannu kafin ya fito." Mai shayi ya yi dariya ya ce to ku yi karo-karo mana, kamar yadda 'yan acaba suke yi. Ranar Laraba ne zaman nasu, na ce ya turo min yadda ƙuri'a ta kaya.