Hirar Yammacin Sallah: Yara Suna Jin Mu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ba kowa ne ke fita kallon hawa ko yawon gari ranar sallah ba. Wani da an yi la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aboki ya zo da iyalinsa, a fito da soyayyen naman layya da cincin da zoɓo mai sanyi. Zama ne mai albarka. Aya ta 61 ta Suratun Nur ta jera gidan aboki tare da gidan uba da na uwa cikin gidajen da babu laifi mutum ya ci abinci a cikinsu. Walwalar ma addini bai hana ba. Lokacin da Sayyidina Abubakar ya tsawata wa 'yan mata biyu masu waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Manzon Allah (SAW) cewa ya yi a ƙyale su, kowace al'umma tana da idinta, wannan kuma namu ne.

Inda nake so mu kula shi ne bakinmu. Ana gama gaisawa, ciki ya ɗauka, sai hira ta gangara kan wanda ba ya wurin: wane bai yi layya ba bana, wance atamfar bara ta maimaita. Ga naman halal a faranti, ga mu muna cin naman ɗan uwa, irin wanda Suratul Hujurat ta kwatanta da cin mushensa. Su kuwa yaran da muke zaton hankalinsu na kan ƙirga kuɗin barka da sallah, kunnensu na wurinmu. Gobe yarinya ta maimaita maganar a gaban mai ita, mu ce ba ta da kunya. A ina ta ji?

Annabi (SAW) ba ya ɗaukar yaro a matsayin abin da ake kora daga majalisa. Ƙanin Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, sai tsuntsun ya mutu. Manzon Allah ya kira yaron da alkunya kamar babba, ya ce: "Ya Aba Umair, me ɗan tsuntsun nan ya yi?" Umar ɗan Abu Salama kuma hannunsa na yawo cikin akushi, ba a daka masa tsawa ba, Manzon Allah ya ce masa: "Yaro, ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci abin da ke gabanka." Umar ya ce tun daga ranar haka cinsa ya kasance. To ɗan abokinka da ya ɓarar da kunun aya a kan darduma, dubi idonsa kafin ka buɗe baki. Dardumar za ta wanku.

Sai wata ƙaramar ƙarya da muka mayar ba komai ba: "Yi shiru, zan saya maka alewa." Mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi ta ce zo in ba ka, Annabi (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Abu Dawud ne ya ruwaito.

Idan an kira magariba a tattaro yara daga ƙofar gida, domin hadisin Jabir ya umarce mu da tsare su a farkon dare. Maza su riƙe hannun 'yan samarin zuwa masallaci, wayoyi su huta. Kafin a watse kuma wani ya ɗaga murya da addu'ar tashi daga majalisa, yadda ƙananan za su ji su kama: Subhanakallahumma wa bihamdika, ash-hadu an la ilaha illa anta, astagfiruka wa atubu ilaika.

Allah Ya maimaita mana.