Baban Kaka yana ina yanzu?

Wannan maganar ta kwana biyu tana ci min rai, yau dai na ce bari in amayar da ita ko da wasu 'yan'uwa za su ce na fara karkacewa.

Satin da ya wuce mun je jana'izar wani dattijo a wani ƙauye can bayan Zuru, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba balle cocin, don ba faɗa na zo yi da kowa ba. Wani matashin mai bishara aka ba wa'azi, yaro mai wuta, murya kamar ya haɗiye lasifika. Ya buɗe Ibraniyawa 9:27 inda aka ce mutum sau ɗaya zai mutu bayan haka sai shari'a, har nan lafiya lau kowa na cewa amin. Can sai zafin wa'azi ya kwashe shi, ya juya ya nuna dutsen da ke bayan garin ya ce duk kakanninmu da aka binne a can yanzu haka da muke magana suna cikin wuta, tunda cikin tsafi suka mutu. Wasu har da tafi.

Kakata tana zaune cikin 'yan zumuntar mata, ba ta ce uffan ba. Sai da yamma bayan mun koma gida tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa a faifai ta kira ni, ta ce maigida zo nan, haka take kirana tun ina yawo ba wando. Ta ce kai da ka yi boko, abin da yaron nan ya faɗa ɗazu, har da babana?

Gaskiya bakina ya mutu.

Baban nata ban san shi ba, ita kanta tana ƙarama ya rasu. Abin da take tunawa kaɗan ne amma ta riƙe shi gam. Ya yi golmo shekara da shekaru yana noma gonar surukai kafin a ba shi mahaifiyarta, kamar yadda kowane namiji yake yi a ƙasar Dakarkari a lokacin. In an yi girbi yakan ware damin dawa ya ajiye gefen rumbu, wannan ba na gida ba ne, na baƙo ne da na wanda rumbunsa ya ƙare kafin damina ta faɗi. Lokacin Uhola, bikin gargajiya na Dakarkari, shi ne kan gaba. Eh yana yanka wa abin da ya gada, ba zan yi ƙarya in ce Kirista ne a ɓoye ba. Amma a ina zai ji? Turawan mishan sun zauna a Zuru tun shekarun 1920, an gama fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa a 1932, toh shi kuma yana kan dutse, ba mota ba hanya, Hausar ma sai ta gaisuwa da ta ciniki, C'lela, yaren Dakarkari, ce bakinsa, karatu kuwa ai ba a maganarsa. Kafin mai bishara na farko ya taka ƙauyensu ciyawa ta daɗe da rufe kabarinsa.

Ni fa na gaskata Yohanna 14:6, ba mai zuwa wurin Uba sai ta wurin Yesu. Na gaskata Ayyukan Manzanni 4:12, ba wani suna da aka bayar don ceto sai nasa. Kada wani ya zo ƙarƙashin rubutun nan ya liƙa min waɗannan ayoyi kamar ban taɓa zama a makarantar Lahadi ba. Amma ku duba da kyau, ayoyin nan suna faɗin ta wurin wa ake samun ceto ne, ba su ba ni da kai rajistar sunayen waɗanda ke wuta ba. Ibrahim bai taɓa jin sunan Yesu Banazare ba, Musa bai ji ba, Ayuba da Malkisadik ma ba 'yan Isra'ila ba ne sam, amma wa zai tsaya a bagade ya ce sun hallaka? Mun yarda jinin Yesu ne ya wanke su duk da sun riga shi zuwa duniya da shekaru aru-aru. Toh in jinin ya iya komawa baya ya same su, wa ya gaya mana ba zai iya hawa dutse ba?

Na san amsar da za a ba ni, Romawa 1:20, cewa halitta kanta tana shaida akwai Allah don haka ba mai uzuri. Haka ne. Amma mu daure mu juya shafi, a sura ta biyu manzo Bulus ɗin nan dai da ya rubuta wasiƙar ya ce al'ummai da ba su da Shari'ar Musa, abin da Shari'a ke nema a rubuce yake a zuciyarsu, lamirinsu yana ba da shaida, tunaninsu wani lokaci ya zarge su wani lokaci ya kare su a ranar da Allah zai shar'anta asirin mutane. Ya kare su fa aka ce. Wannan rabin ayar ban cika jin ana wa'azi a kanta ba. Shi Yesu da bakinsa a Luka 12 ya ce bawan da ya san nufin ubangidansa ya ƙi yi zai sha bulala mai yawa, wanda bai sani ba kuwa kaɗan zai sha, wanda aka ba da yawa shi za a nemi da yawa a hannunsa. In ka lura da kyau wannan maganar mu ta fi kamawa, mu da muke da Littafi a waya da Hausa da Turanci, muke jin wa'azi a rediyo safe da yamma, sannan Litinin mu je kasuwa mu cika mudu da dabara. Tsohon da ke ware dami don baƙo ba shi ya kamata ya fi jin tsoron ayar nan ba.

Kuma kada a ɗauka mu ne farkon masu wannan gardama. Agustin, babban malamin ikilisiya ɗan Afirka ta Arewa da ya rasu a shekara ta 430, ya tsananta har ya ce jaririn da ya mutu ba baftisma ba zai shiga mulkin sama ba, ko da yake hukuncinsa shi ne mafi sauƙi. Je ka faɗa wa uwar da ƙyanda ta ɗauke wa 'ya'ya uku wannan maganar ka gani. 'Yan Katolika kuwa a babban taronsu na Vatikan na biyu, a 1964 suka rubuta cewa wanda ba da laifinsa ba bai san bishara ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya ya bi lamirinsa da taimakon alheri, zai iya samun ceto. Yawancin cocinmu na bishara a nan ba su yarda da zuwa har can ba, suna riƙe da cewa dole sai mutum ya ji ya ba da gaskiya a wannan rayuwar. Wani abokina Musulmi da muke aiki tare da na ba shi labarin ya ce su ma suna da wannan mas'ala, ahlul fatra suke kiransu, mutanen da manzo bai iso musu ba. Na ce ashe ciwon na kowa ne.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce wadda wani dattijon cocinmu ya yi min, ya ce ɗana, in wanda bai ji ba yana da mafita, me ya kai Turawan nan suka baro ƙasarsu zazzaɓi yana kashe su a nan, me zai sa mu tara baiko mu aika mai bishara daji? Na ce Baba, Karniliyus, hafsan sojan Roma ɗin nan na Ayyukan Manzanni 10, mai tsoron Allah ne, addu'arsa da sadakarsa sun riga sun kai gaban Allah, duk da haka sai da aka taso Bitrus daga Yafa ya je ya yi masa bishara. Bishara ba takardar kuɓuta daga wuta ce kawai ba. Kaka ta gaya min yadda suke rayuwa da tsoro kafin ta tuba, tsoron maita, tsoron dodo, yaro ya yi zazzaɓi a ce wani ne ya kama kurwarsa, yau ga ta tana barci da waƙa a baki. Wannan bai isa dalili ba? Umarni kuma aka ba mu mu tafi, ba a ce sai mun fara tabbatar kowa na wuta kafin ƙafarmu ta motsa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tafin. Ko da a ce yaron ya yi daidai ɗari bisa ɗari, wannan maganar da hawaye ya kamata ta fito, ai Yesu kuka ya yi wa Urushalima. Mu da ba mu san abin da ya wuce tsakanin mutum da Mahaliccinsa a numfashin ƙarshe ba, ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu, wanda ya tuba a kan gicciye, da a ce danginsa ba su kusa da wurin ai da sun koma gida da tabbacin ya hallaka.

Da na dawo hayyacina abin da na iya ce wa Kaka shi ne, Kaka, ni ba ni da makullin wurin nan, yaron nan ma ba shi da shi. Na karanta mata Farawa 18:25 inda Ibrahim yake roƙo saboda Saduma yana cewa mai shari'ar dukan duniya ai ba zai kasa yin adalci ba. Na ce wanda zai yi wa babanki shari'a shi ne ya ga damin nan da yake warewa, shi ne kuma ya san ba wanda ya hau dutsen ya gaya masa.

Ta yi shiru ta daɗe, hannunta na cikin faifai. Can ta ce sake karanta min a hankali, Hausar littafin nan tana min gudu. Na sake. Sai ta turo min faifan ta ce toh maigida sa hannu, gyaɗar nan ba za ta ɓare kanta ba.