Wa ke yanka farashin zanen Poussin?

A shekarar 1995 kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke Landan ya fito da wani tsohon zane da datti ya dusashe, daga cikin kayan da wani attajiri mai suna Ernest Onians ya rasu ya bari. Masanan kamfanin suka rubuta a kundin gwanjo cewa aikin wani mai zane ɗan Italiya, Pietro Testa, ne, suka ƙiyasta shi fam 10,000 zuwa 15,000. Da ranar ta zo, masu tayi suka yi ta ƙari har aka sallama a kan fam 155,000. Bayan an wanke shi, masani Denis Mahon ya tabbatar da cewa aikin Nicolas Poussin ne da ya daɗe da ɓata, wanda ke nuna yadda sojojin Rum suka rushe haikalin Ƙudus. Daga baya aka sayar da shi fam miliyan 4.5, yanzu yana gidan tarihi na Isra'ila. Magada suka kai kamfanin ƙara, aka sasanta a wajen kotu. Kaza ce ta kwana kan dami.

Poussin Bafaranshe ne, an haife shi a 1594, ya isa birnin Rum a 1624, a can ya yi yawancin rayuwarsa har ya rasu a 1665. Shi ne jigon masu zanen da suka ɗauki tsarin tsoffin Girkawa da Rumawa abin koyi: komai a aune, babu hayaniya, labari daga tarihi ko tatsuniya ko littafin addini. An kwaikwaye shi sosai tun yana da rai, kuma bai cika sa hannu a aikinsa ba. Saboda haka farashi ya rataya ne a kan 'yan kalmomin da ke ƙarƙashin hoton a kundin gwanjo. In an rubuta sunansa tsura, miliyoyi ne. In an ce "ana danganta shi da Poussin", kuɗin ya faɗi warwas. In aka ce na mabiyansa ne ko kwafi ne, ya koma kayan adon bango.

Masu ikon sauya waɗannan kalmomi kuwa ba su da yawa. A rabin ƙarshe na ƙarnin da ya wuce, huɗu ne ake jin maganarsu: Anthony Blunt da Mahon a Ingila, Jacques Thuillier da Pierre Rosenberg a Faransa. Blunt ɗin nan shi ne wanda aka fallasa a 1979 cewa ya yi wa Tarayyar Sobiyet leƙen asiri, amma hakan bai sa an daina buɗe littafinsa kan Poussin ba. Kuma su huɗun ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba.

Kotunan Faransa sun sha fama da wannan. A 1968 wasu ma'aurata suka kai zanen da danginsu suka daɗe suna cewa na Poussin ne gidan gwanjo na Drouot a Faris. Masanin da aka kira ya ce a'a, na almajiran Carracci ne, wasu masu zane 'yan Italiya. Aka sayar faran 2,200, hukumar gidajen tarihi ta yi amfani da ikon da doka ta ba ta ta karɓe shi a wannan farashi, sai ga shi a gidan tarihi na Louvre da ke Faris ɗauke da sunan Poussin. Shari'a ta ja har 1987 kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Versailles ta soke cinikin. Da aka sake gwanjonsa a 1988, faran miliyan 7.4 ya kama. A nan ina tare da alƙalai. An cire wa masu kaya shakku ƙarfi da yaji, alhali shakkun nan kansa kuɗi ne. Da an rubuta "wataƙila nasa ne", da tayin ya bambanta.

Inda na rabu da su shi ne shari'ar zanen gudun hijirar Yesu da iyalinsa zuwa Masar. A 1986 wasu dillalai 'yan'uwa biyu, 'yan gidan Pardo, suka saye shi a Versailles kan faran miliyan 1.6, an rubuta shi a matsayin aikin da ya fito daga ɗakin aikin Poussin. Blunt ya riga ya ce wani zanen daban ne na asali. Dillalan ne suka zuba dukiyarsu a kan abin da idonsu ya nuna musu, suka jira shekaru har Thuillier da Rosenberg suka amince a 1994. Sai matar da ta sayar da shi ta garzaya kotu, aka soke cinikin, aka mayar mata da zanen. A 2007 aka saye shi yuro miliyan 17, yana gidan tarihi na Lyon. To da masana sun ce kwafi ne, wa zai mayar wa dillalan da kuɗinsu? Babu. Dokar da ta bar mai saye da asara shi kaɗai, ta kuma ƙwace masa riba in ya dace, tana kashe wa masu ido gwiwa, kuma su ne ke tono ayyukan da suka ɓata.

Kada kuma a ɗauka suna kaɗai ya isa. A Disambar 2010 kamfanin gwanjo na Christie's ya fito da ɗaya daga cikin zanukan ibadun coci da Poussin ya yi, mallakar gidan sarautar Rutland a Ingila, wanda babu mai tantama a kansa, da ƙiyasin fam miliyan 15 zuwa 20. Ba a sami wanda ya kai farashin da mai kaya ya gindaya ba, aka yi albarka. A 2011 gidan tarihi na Kimbell da ke Texas ya saye shi a ciniki na sirri kan dala miliyan 24.3. Masu sababbin kuɗi sun fi son zanen zamani mai ɗaukar ido, kuma masu neman irin aikin Poussin galibi gidajen tarihi ne, waɗanda sai sun tara gudummawa kafin su taya.

Batun hotunan bugu ya fi sauƙi, amma a nan ƙananan masu saye ke ƙonewa. Poussin bai sassaƙa farantin tagulla da hannunsa ba. Irin su Jean Pesne da Gérard Audran da Claudine Bouzonnet-Stella ne suka kwafi zanukansa a kan faranti aka buga a takarda. Don haka mai cewa yana da "bugun Poussin" aikin wani yake riƙe da shi, kuma darajarsa na bin sunan masassaƙin, da ko bugun farko ne kafin faranti ya suɗe, da lafiyar takardar da gefenta. Claude Lorrain, wani mai zanen da suka zauna a Rum zamani ɗaya da Poussin, shi ya yi bugu da hannunsa, shi ya sa nasa lissafin daban ne. Louvre kuma har gobe tana da sashen da ke buga sababbin hotuna daga tsoffin faranti tana sayarwa a fili. Irin wannan takarda in ta sha shekaru a firam ta yi ja, mai gaggawa zai biya kuɗin ta ƙarni na 17.