Kuɗin gidan jaridar Katolika ba daga Vatikan yake sauka ba

A Yamai na gaji da jin ana cewa mai neman gudummawa a gidan buga littattafai da jaridun Katolika aikin banza yake yi, tunda Fafaroma ne ke biyan komai. Ba laifi a zaci haka, ganin girman cocin.

Sai dai yawancin irin waɗannan gidaje da kansu suke riƙe kansu: cinikin littattafai, kuɗin masu karɓar jarida, da gudummawar mabiya. Tallafin waje, in ya zo, galibi na aiki guda ne takamaimai.

A ce wata ta ba da jaka hamsin don a buga littafin addu'a da Hausa. Shugaban gidan ba shi da ikon karkatar da kuɗin zuwa albashi ko lantarki, ko da ana matse. Dole ya kai mata rasit da lissafi.