Billy the Kid: yaron da aka ɗora wa laifin manya

Finafinan kaboyi sun sa mutane da yawa sun yarda cewa Billy the Kid, ɗan bindigan nan na Amurka a ƙarni na 19, ya kashe mutum 21, wai ɗaya a madadin kowace shekara ta rayuwarsa. Ƙidayar masana tarihi ba ta wuce tara ba, wasu ma a cikin taron maharba aka yi su. Hatta zancen cewa bahago ne kuskure ne. Hotonsa a kan farantin ƙarfe aka ɗauka, irin wanda ke juya dama ta koma hagu kamar madubi. Bindigar Winchester ta 1873 da ke hannunsa ta dama ake ɗura mata harsashi, amma a hoton ƙofar ɗurin ta fito a hagu.

Sunansa na yanka Henry McCarty. Tarin fuka ya kashe mahaifiyarsa a Silver City a 1874, shekara na zagayowa aka kama shi kan satar tufafi, ya sulale ta bututun hayaƙin gidan yari.

Abin da ke ci mini rai shi ne rikicin gundumar Lincoln ta New Mexico a 1878, domin faɗan 'yan kasuwa ne tsantsa. Lawrence Murphy da James Dolan ke riƙe da kwangilar kai naman shanu barikin Fort Stanton, su ke ba manoma bashi, kuma shugaban 'yan sanda William Brady ɗan gidansu ne. Da John Tunstall, mutumin Ingila, ya buɗe kantin da zai yi gogayya da nasu, sai mutanen da Brady ya tura suka harbe shi ranar 18 ga Fabrairu. Billy yaron Tunstall ne, mai kula masa da shanu. Ranar 1 ga Afrilu shi da abokansa suka yi wa Brady kwanton ɓauna suka kashe shi. Wannan laifi ne, ba na wanke shi.

To amma a Maris 1879 Gwamnan New Mexico Lew Wallace ya gana da shi, ya yi masa alkawarin afuwa idan ya ba da shaida kan kisan lauya Huston Chapman. Yaron ya cika nasa, gwamna ya yi shiru. Cikin duk waɗanda suka zubar da jini a rikicin, shi kaɗai kotu ta yanke wa hukuncin rataya, kan kisan Brady. Dolan kuwa har majalisar yankin ya shiga daga baya.

Ranar 28 ga Afrilu 1881 ya kashe masu gadinsa biyu, James Bell da Bob Olinger, ya tsere. Pat Garrett, shugaban 'yan sandan gundumar Lincoln a lokacin, ya harbe shi har lahira cikin duhu a gidan Pete Maxwell da ke Fort Sumner ranar 14 ga Yuli. A 2010 aka sake kai maganar afuwar gaban Gwamna Bill Richardson, shi ma ya ƙi sa hannu.